Babban Yatsan Malam Dalhatu

Shafi na 23

Namiji mai mutunci ba ya kashe dodannin ƙarya da babban yatsa. An halicci babban yatsa ne domin jan carbi da ƙirga goro da dangwala wa takardar zaɓe, kuma duk magidancin da aka samu yana murza nasa a kan gilashin waya, to shi ya cire hularsa da hannunsa ya ajiye a kwata. Wannan magana ce tabbatacciya. Malam Dalhatu ne ya faɗe ta a ƙofar masallaci, ranar Juma'a, a gaban mutanen da ba su kasa saba'in ba, kuma har yau ba a samu wanda ya rushe ta ba a duk faɗin Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa.

A kan wannan maganar ya gina takardarsa. Shafi huɗu, da kyakkyawan rubutun hannu irin na sakataren kwamitin tarbiyyar unguwa, yana roƙon dattawa su rufe shagon gem na Ikrama, inda samari ke biyan kuɗi su yi wasa a allo. Yau Asabar za a yanke hukunci, bayan La'asar, a zauren Alhaji Babandi, shugaban kwamitin.

Saura awa biyu a zauna. Malam Dalhatu yana can ƙuryar shagonsa na goro, bayan huhuna, inda ba a hango mutum daga titi. Ya shaida wa maƙwabta cewa zai tsince goron da sankara ta taɓa, kada a dame shi. Goron yana nan a faifai, ko ɗaya ba a ɗaga ba. Shi kuwa, a cikin wasan waya, yana tsakiyar Hamadar Gishiri, yana ɗaure wa wani raƙumi ƙafa.

Wata takwas ke nan da ya ƙwace wayar daga hannun ɗansa Manniru, ya tura yaron karatu Zariya. Ya buɗe wasan ne domin bincike, don ya san irin gubar da ake shayar da yaran mutane. Samarin unguwa suna kiran wasan Ayarin Ƙarshe, saboda sunansa na asali ya fi ƙarfin harshensu. Binciken ya yi zurfi. Ya kai mataki na sittin da ɗaya. Har kulle wayar ya yi da zanen yatsansa, kada Hafiza ta ɗauka wajen shara ta ga abin da zai rage wa mijinta kwarjini.

Sallama ya ji daga bakin ƙofa. Ya cusa wayar ƙarƙashin ganyen goro, ya ɗauki ƙwaya ɗaya yana juyawa kamar likita.

Ikrama ne. Ɗan marigayi Mansir, amininsa na shekara talatin. Malam Dalhatu ne ya karɓa masa auren Zulfa bara waccan, shi ne kuma ya yi wa jaririyarsu huɗuba wata huɗu da suka wuce. Ikrama ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi kasuwa, ya tambayi Mama Hafiza, ya tambayi ƙafar da ke damunsa. Sai da ya gama da kowa da komai, sannan ya zaro kwafin takardar da kwamiti ya ba shi don ya shirya kare kansa.

"Baba, wani wuri ne ban gane ba. Shafi na uku."

"Hausa ce ai."

"Ita ce. Bari in karanta maka."

Ya karanta a hankali, yatsa a kan layi. Wasan, in ji takardar, yana koya wa yaro shiga gidan mutane ba sallama, ya buɗe akwatin matar gida a gabanta, ya fasa mata tukwane, ita kuma tana tsaye tana murmushi tana tambayarsa ko ya ga akuyarta.

Malam Dalhatu ya gyaɗa kai. Yana son wannan jimlar. Ita ce ta fi kowace kyau a takardar.

Ikrama ya ninke takardar, ya fito da wayarsa, ya buɗe zauren hirar 'yan ayarinsu, su goma sha biyu da ke wasa tare. Ya gangara can baya, watan azumin da ya wuce, ya sake karantawa. Shiga gida ba sallama. Akwatin matar gida. Tukwane. Murmushi. Har akuyar tana nan, a inda take.

"Wannan wani ɗan ayarinmu ne ya rubuta," in ji Ikrama. "Gwanja yake kiran kansa. Shi ne mai maganinmu."

Goron da ke hannun Malam Dalhatu ya yi nauyi.

Ya ce masu hankali sukan yi tunani iri ɗaya. Ikrama ya yarda da haka. Ya ƙara da cewa su ma sun daɗe suna mamakin hankalin Gwanja. Mutum ne da bai taɓa buɗe murya ba ko da ana tsakiyar yaƙi, sai dai rubutu. Wasu sun ce ɗan Ghana ne, wasu sun ce mace ce. Yakan ɓace minti biyar kafin ladan ya taɓa lasifika. In zai faɗi ra'ayinsa a kan wasa sai ya jero shi na farko, na biyu, na uku, ya rufe da wassalam. Sannan a duk duniyar Ayarin Ƙarshe, mutuminsa ne kaɗai ke tsayawa a bakin ƙofar kowane gida, ya ɗan jira, kafin ya shiga.

"Sallama yake yi, Baba. Mun daɗe ba mu gane ba."

Wani ɗan okada ya wuce da waƙar Yarabanci a ƙure. Malam Dalhatu ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace wajen Mokola, yana fatan ta tafi da shi.

"Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Zulfa fa?"

"Ko ita."

Ya ajiye goron. Ya ji zufa tana bin bayansa a hankali kamar tana neman wani abu. Ya yi niyyar ya ce bincike ne, sai ya tuna cewa wanda ke gabansa ya san matakinsa.

Ikrama bai dube shi ba. Ƙasa yake kallo, kuma kunyar da ke fuskarsa ta fi ta mai laifin yawa. Don ya rage wa dattijon nauyi, sai ya ce, kamar mai maganar ruwan sama, wai ya ga sabon gyaran da masu wasan suka yi shekaranjiya, sun ɗan rage wa mai magani ƙarfi.

"Ɗan ragewa?" in ji Malam Dalhatu. "Yanka shi suka yi."

Daga nan bakin ya kuɓuce masa.

Na farko, ya ce, ganyen da a da yake warkar da mutum uku yanzu ɗaya yake warkarwa, kuma sai ka hau dutse kafin ka samo shi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa jinyar kowa ba a rayuwarsa. Na biyu, Dodon Gadar Ƙarfe ba wuya gare shi ba, rashin tarbiyyar 'yan ayari ne: kowa ya zare takobi ya ruga gaba, ba mai tsayawa kusa da raƙuma. Na uku, wancan wasan harbe-harben da samari suka koma wa, wanda ake jefo mutum ɗari daga jirgi su kashe juna, shi bai ga abin so a ciki ba. Ba labari, ba maƙwabci, ba wanda zai tambaye ka ina gajiya. Ka faɗo, a harbe ka, ka sake faɗowa. Ikrama ya ce shi dai yana sonsa don gudun jini, minti goma ka manta da kuɗin fetur ɗin janareta. Malam Dalhatu ya ce ai zazzaɓi ma yana sa jini gudu.

"Kuma ka ji abin da suka yi wa ƙaho?"

Ikrama ya ce bai lura ba.

Malam Dalhatu ya tura hannu ƙarƙashin ganye ya zaro wayar, ya ɗora yatsa ta buɗe, ya ƙure sauti. Ƙahon da ake busawa in lokacin tashin ayari ya yi, a da murya gare shi mai kauri, irin wadda ke taɓa ƙirji. Yanzu sun mayar da shi kamar hon ɗin keke a cunkoson Ojoo. Ya kunna masa sau biyu don ya tabbatar da girman ɓarnar.

Sai a karo na biyun ya ga kansa: sakataren kwamitin tarbiyya, a tsugune bayan huhun goro, yana riƙe da shaidar da hannu biyu.

Ya sauke wayar a hankali ya zura ta aljihun gaba.



"Kakana da jakuna ya je Gwanja," in ji Malam Dalhatu, muryarsa ƙasa. "Wata biyar a hanya. Ubana ya yi Legas da Sakkwato a bayan babbar mota. Ni kuwa ban taɓa wuce tashar Ojoo da ke bakin garin nan da kaya ba. In loda, in dawo, in jira waya." Ya share goshi. "A cikin abin nan na ƙetare hamada sau goma sha ɗaya."

"Na sani, Baba. Tara a ciki ni ne madugu. Sau nawa ka tashe ni bayan na faɗi."

Sannan Ikrama ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai zo don a tashi a gaban dattawa a ce ga Gwanja ba. Ba zai faɗa ba, ko an rufe ko ba a rufe ba. Wanda ya karɓa masa aure ba zai ji kunya ta bakinsa ba. Abin da yake roƙo kaɗan ne. In an zo yanke hukunci, sakatare ya ce a sa doka maimakon kwaɗo: ba yaro lokacin makaranta, a kashe allo lokacin salla. Da ma shi Ikrama haka yake yi. Allo shida ne a shagon, su ne tuwon Zulfa da jaririya da tsohuwarsa Tabawa. Kalma ɗaya daga wanda ya rubuta takardar ta isa.

"Ejo, Baba, don Allah. Kalma ɗaya."

Malam Dalhatu ya tuna ƙofar masallaci. Ya tuna mutum saba'in ɗin nan, da yadda suka yi ta gyaɗa kai.

"Allah ya zaɓa mana mafi alheri," in ji shi.

Ikrama ɗan Sabo ne, ya san ma'anar wannan addu'ar in ta fito daga bakin babba: a'a ce cikin ladabi. Ya ce amin, ya yi sallama, ya fita.

Zauren Alhaji Babandi ya cika kafin ƙarfe huɗu da rabi. Dattawa tara a kan darduma, Ikrama shi kaɗai a bakin ƙofa kusa da takalma. Aka buɗe da addu'a. Malam Dalhatu ya miƙe ya karanta shafi huɗunsa, kuma muryarsa ba ta yi rawa ba, domin murya ce da ta saba aiki ko mai ita ba ya nan. Da ya zo kan akuya, wani dattijo ya yi salati.

Alhaji Babandi ya yaba. Ya ce tun da aka kafa kwamitin bai taɓa ganin bincike mai zurfin wannan ba.

Alhaji Hanzala ne kaɗai bai yaba ba. Dillalin shanu ne a kasuwar Akinyele, mutum mai ƙirga garke da kallo ɗaya, kuma shi ne ya nemi kujerar sakatare shekara uku da suka wuce bai samu ba. Ya ce shi ma zurfin ne ya ba shi mamaki. Ya ce shi da ya yi shekara arba'in da shanu, in ya ji mutum yana siffanta cikin turke dalla-dalla, yakan duba ƙafarsa ya ga ko da kashin shanu.

Aka yi 'yar dariya. Malam Dalhatu ma ya yi, a makare.

Alhaji Babandi ya juya wajen Ikrama ya ce ya kare kansa. Ikrama ya faɗi abin da yake da shi: dokar makaranta, dokar salla, samarin da a da suke zaman banza a bakin kwata yanzu an san inda suke. Bai yi tsawo ba. Biyu daga cikin dattawan suka fara kallon juna irin kallon masu neman hanyar sassauci. Ɗaya ya ce a ji ta bakin sakatare, tunda shi ya kawo ƙara. In ya yarda da doka, su ma sun yarda.

Zauren ya juyo gaba ɗaya.

Kalma ɗaya ce. Tana nan a kan harshensa, ya ji ɗanɗanonta. Ya buɗe baki.

Ƙarfe biyar ta buga, lokacin tashin ayarin Asabar.

Ƙahon ya tashi daga aljihun gaban rigar Malam Dalhatu, a ƙure, kamar keke ya shigo zauren. Ya busa sau uku. Bayansa wata murya mai kauri ta yi kira da Turanci, ƙararrawar raƙuma tana amsawa.

Ba wanda ya motsa. Hannunsa ne kawai, da ya saba, ya shiga aljihu ya fito da wayar, babban yatsa ya sauka inda yake sauka, gilashin ya haskaka.

"Malam," in ji Alhaji Hanzala a hankali, "wannan ba kiran salla ba ne."

"Tawa ce."

Daga bakin ƙofa maganar ta zo. Ikrama bai ɗaga kai ba.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ɗazu na je gaishe da Baba, ya gan ta a hannuna ya karɓe. Ya ce zai kawo ta shaida."

Alhaji Babandi ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai da ma ya san Malam ba ya zuwa da hannu wofi. Ya miƙa hannu. Malam Dalhatu ya ba shi wayar. Ba wanda ya tilasta masa. Hannunsa ya miƙa da kansa, kamar yadda ya buɗe ta da kansa.

Wayar ta bi hannu hannu har ta isa wajen Alhaji Hanzala, wanda ya fi kowa ido. Ya nisanta ta da fuskarsa ya karanta. Wani mutum ne a tsaye da jakar ganye a kafaɗa, sunansa a sama.

"Gwanja." Ya ɗago. "Kai yaron zamani, ina ka san Gwanja?"

"A bakin Baba na ji, tun ina ƙarami."

Wannan kam gaskiya ce. Ita ta fi zafi.

Alhaji Hanzala ya ci gaba da dubawa. A ƙasan hoton akwai lamba, ya tambayi ta mece ce. Ikrama ya ce awannin da aka yi ana wasa ne.

"Ɗari shida da arba'in."

Dillalin bai nemi biro ba. Ya lumshe ido ɗaya ya ce kwana ashirin da shida ke nan da 'yan kai, dare da rana, ba ci ba salla. Ya maimaita don na nesa su ji. Dattawan nan biyu masu neman sassauci suka daina kallon juna. Ɗaya ya ce magidanci mai jaririya. Ɗayan ya ce Allah ya ji ƙan Mansir, gara da bai ga wannan rana ba. Wani ya ce in mai shagon haka yake, ina ga yaran da ke shiga.

Ikrama ya karɓi kowace magana da kai a sunkuye. Maganar mahaifinsa ce kawai ta sa kafaɗarsa ta motsa.

Malam Dalhatu ya san kowace awa a cikin ɗari shida da arba'in ɗin nan. Ya san wadda ya yi yana neman akuyar matar nan. Ya same ta ma, a bayan rijiya.

Ba a ƙara tambayar ra'ayin sakatare ba. Shaidarsa ta yi magana a madadinsa. Aka ɗaga hannu. Takwas. Alhaji Babandi ya dube shi yana jira, da murmushin girmamawa. Hannu na tara ya tashi, bai kai kunne ba, amma an ƙirga shi.

Ikrama ya laluba aljihun wandonsa, ya ciro makulli biyu a zare ɗaya, ya taso a durƙushe ya ajiye su a gefen darduma. Ba su yi ƙara ba. Aka tura su gaban sakatare, domin shi ke ajiyar kayan kwamiti. Aka ce ya rubuta. Ya rubuta, da kyakkyawan rubutun nan nasa.

Har an ɗaga hannu za a shafa fatiha, Alhaji Hanzala ya ce saura abu ɗaya. Rufe shago ba ya warkar da mai shago. A goge wannan Gwanjan a gaban kowa, yaron ya huta, iyalinsa su samu mijinsu.

Kowa ya ga dacewar haka.

Sai dai wayar ta gaji da jira, gilashinta ya yi baƙi. Alhaji Hanzala ya danna gefe, ta nuna zanen yatsa tana jira. Ya miƙa wa Ikrama.

"Buɗe kayarka."

Ikrama ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora babban yatsansa. Wayar ta yi 'yar girgiza, ta ƙi.

Ya goge yatsan a gwiwar wandonsa, ya ce gumi ne. Ya sake ɗorawa.

Ta ƙi.

Alhaji Hanzala bai kalli wayar ba. Ya juya a hankali yana bin hannuwan da ke zauren da ido, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake bin ƙafafun shanu a kasuwa.

Malam Dalhatu ya naɗe babban yatsansa cikin tafin hannu, ya ja hannun riga ya rufe.

A bakin ƙofa, kusa da takalma, Ikrama ya sake goge yatsansa, ya ɗora a karo na uku.